Hanyar zama famasis daga Kano, da wuraren da yara ke ɓata shekarunsu

A unguwannin Kano, duk wanda ya tsaya bayan kanta yana miƙo magani "dakta" ake ce masa. Mai kemis dakta, wanda ke ba da magani ta tagar asibiti dakta, wanda ya shekara 6 a jami'a yana karatun magunguna shi ma dakta. Wannan haɗa sunan yana da illa. Yaro zai taso da sha'awar aikin magani, babu wanda ya zaunar da shi ya bambance masa, sai ya kama wata hanya yana zaton ita ce, ba zai farga ba sai bayan shekara 3 ko 4, kuɗin mahaifinsa sun tafi, takardar da ke hannunsa kuma ba ta ba shi damar abin da ya yi niyya.

Mutum uku ne doka ta sani a harkar ba da magani, kuma hukuma ɗaya ce ke kula da su duka, wato PCN, majalisar kula da harkar famasi ta Nijeriya. An kafa ta da dokar soja ta 1992, sannan aka sabunta dokar a 2022 aka ƙara mata ƙarfi. Na farko shi ne famasis, masanin harhaɗa magunguna, wanda ya yi digiri kuma sunansa ke cikin rajistar majalisar. Na biyu shi ne teknishan na famasi, mai difloma, wanda ke aiki a ƙarƙashin kulawar famasis. Na uku mai kemis, wanda lasisinsa ya tsaya a kan wasu magunguna da aka lissafa masa, irin waɗanda ake saya ba tare da takardar likita ba. Bai da izinin yin allura ko ƙarin ruwa, komai daɗewarsa a sana'ar. Dukkansu suna da amfani, musamman a ƙauyukan da babu asibiti kusa. Amma ba matakala ba ce da ake takawa daga wannan zuwa wancan. Shekara 20 a kemis ba ta mayar da mutum famasis. Ƙofa ɗaya ce: digirin famasi daga tsangayar da PCN ta amince da ita, horon shekara guda, jarrabawar majalisa, sannan rajista.

Ginin yana farawa ne tun daga aji 4 na sakandare. Dole yaro ya kasance a ɓangaren kimiyya, kuma ya fito da kiredit 5 a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, fizis, kemistiri da bayoloji. Babu wanda ake musanyawa a cikinsu. Kimiyyar noma ba ta maye gurbin bayoloji a nan, ko da tana yi a wasu kwasa-kwasan. D7 a fizis faɗuwa ce. Jami'o'i da dama suna yarda a haɗa sakamakon zama biyu, wasu kuma a kwasa-kwasan lafiya zama ɗaya suke so, don haka a duba kundin JAMB na shekarar da ake ciki, kada a dogara da abin da yayan wani ya faɗa shekara 5 da suka wuce. Makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu sun daɗe suna fitar da yaran da ke cike tsangayoyin lafiya, kuma sirrin ba wani abu ba ne illa ɗakin gwaji da malamin kemistiri na gaske. Iyayen da 'ya'yansu ke makarantar da ba a taɓa riƙe buret (bututun gilashin auna ruwa a gwajin kemistiri) a cikinta ba, su nema musu darasi a waje tun da wuri. Wanda aka "taimaka" wa ya samu kiredit a kemistiri, a aji 2 na jami'a asirin ke tonuwa, kuma a lokacin babu mai taimako.

A JAMB darussa 4 ne: Turanci, bayoloji, kemistiri, fizis. Tambayoyi 180, 60 a Turanci, 40 a kowanne daga sauran ukun, cikin awa 2, maki 400. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa a rediyo kowace shekara bai shafi mai neman famasi ba. Wannan makin na shiga layi ne kawai. Famasi na cikin kwasa-kwasai uku ko huɗu da aka fi rububi a kowace jami'a, guraben kuma kaɗan ne, don haka masu maki mafi yawa ake ɗiba daga sama har gurbi ya cika. A jami'o'in tarayya ana raba guraben ne kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko. Ɗan Kano yana cikin yankin Jami'ar Bayero, amma ya tuna cewa da sauran 'yan Kano masu ƙoƙari yake gasa, kuma suna da yawa.

Kurakurai guda uku na takarda suna kayar da yaran da suka ci jarrabawa sarai. Suna ko ranar haihuwa a NIN ya saɓa da na WAEC. Ba a ɗora sakamakon sakandare a manhajar CAPS ta JAMB ba, alhali jami'a ba ta iya ba wanda sakamakonsa bai bayyana a can gurbi. Ko kuma a sa famasi a jami'ar da aka zaɓa ta biyu, wadda a aikace ba ta waiwayar kowa sai wanda ya sa ta a farko. Kuma duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, a guje shi. Matsalarsa ba ta fitowa sai lokacin bautar ƙasa, sanda za a nemi sunan ɗalibi a jerin JAMB a rasa.

Ban da Bayero, a Arewa akwai tsangayar famasi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ita ce uwa, don yawancin manyan malaman famasi na wannan yanki can suka yi karatu. Akwai kuma a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, da ta Jos, da ta Ilori, da jami'o'in jihohin Kaduna da Gombe.

Yanzu ga tarkon da ya fi cin yaran Kano. Yaro ya nemi famasi bai samu ba, sai a ba shi wani kwas mai kama da shi a suna ko a darussa: famakoloji, bayokemistiri, maikurobayoloji, kemistiri zalla. Sai wani ya ce masa, "Karɓa kawai, in ka shiga ka canja." Gaskiyar magana, canjin sashe zuwa famasi abu ne mai wuyar gaske. PCN tana ƙayyade wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta, tana kuma ba kowane ɗalibi lamba tun yana ajin farko na karatun ƙwarewa, wato aji 2. Tsangayar da ta cika adadinta ba ta da inda za ta sa ƙari, ko da shugabanta yana so. Wasu ƙalilan masu sakamako na fitar hankali suna samu a wasu shekarun, amma ba abin da za a gina rayuwa a kai ba ne.

Famakoloji ya fi ruɗar mutane saboda sunan. Ilimi ne mai daraja, nazarin yadda magani ke aiki a jiki, kuma yana ɗaya daga cikin rassan da ɗalibin famasi ke karantawa. Amma digirin famakoloji na shekara 4 digirin kimiyya ne, PCN ba ta yi wa mai shi rajista, ba zai buɗe famasi da sunansa ba, ba za a ɗauke shi famasis a asibiti ba. Ko ya yi digiri na biyu da na uku a cikin tsangayar famasi, hakan bai canja komai ba. Digirin farko shi ne mabuɗi. A ganina, wanda zuciyarsa ke kan famasi da gaske kuma shekarunsa ba su wuce 17 ko 18 ba, gara ya zauna shekara guda ya sake JAMB da shiri mai kyau, ko ya karɓi kwas ɗin da aka ba shi ya riƙa karatu yana sake rubuta JAMB a gefe, yana sane cewa in ya samu daga aji 1 zai faro. Asarar shekara 1 da sani ta fi asarar 4 da zato.

Hanya ta biyu ita ce shiga kai tsaye aji 2, wadda ake kira DE. Ana shiga da IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi kuma ake yi a kwalejojin share fagen shiga jami'a, har da CAS ta nan Kano, ko da JUPEB, wani shirin share fage irinsa, ko da digiri mai kyau a wani fannin kimiyya da ke da alaƙa. Darussa 3 ake yi, kemistiri da bayoloji da fizis, kuma maki na can sama ake bukata, domin guraben DE sun fi na JAMB ƙaranci nesa ba kusa ba. Mai digirin bayokemistiri da ya dawo ta wannan hanya ya lissafa: shekara 4 ya riga ya yi, ga wasu 4 ko 5 a gaba. Akwai masu yi, kuma sau da yawa sukan fi 'yan ajinsu natsuwa.

Digirin iri biyu ne a yanzu. B.Pharm shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta JAMB, 4 ga ɗan DE. PharmD shekara 6 ne, 5 ga ɗan DE, kuma shi Jami'ar Bayero ke bayarwa. Jami'ar Benin ce ta fara gwada shi a ƙasar nan, sauran tsangayoyi kuma suna komawa kansa sannu a hankali. Bambancin yana cikin lokacin da ake ɗauka a gefen gadon majinyaci: ɗalibin PharmD yana zagayen ɗakunan kwanciya tare da likitoci, yana karanta fayil, yana duba sakamakon gwajin ƙoda da hanta kafin ya ce adadin maganin nan ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Duka biyun rajista ɗaya suke kaiwa. Laƙabin "Dakta" da ke zuwa da PharmD ba ya nufin mutum ya zama likita, kuma ba digirin digirgir ba ne. Ya kamata a faɗa wa iyaye wannan tun farko don kada a yi ta gardama a zaure.

Kafin a biya ko sisi a wata jami'a, musamman sababbi masu zaman kansu, a tabbatar da amincewa biyu: ta NUC, hukumar jami'o'i, da ta PCN. Ta farko ita kaɗai ba ta isa ba. Ɗaliban da suka gama a tsangayar da majalisa ba ta tantance ba ba a rantsar da su, sai su zauna jiran abin da ba su da iko a kansa. Majalisar tana da ofis a Kano, a je a tambaya da baki.

Me ake karantawa a cikin waɗannan shekaru? Aji 1 kimiyya ce ta gama-gari tare da sauran 'yan kimiyya, kuma sai an tsallake ta da kyau ake wucewa. Daga aji 2 ake shiga ainihin abin: tsarin jikin ɗan Adam, yadda gaɓoɓi ke aiki, sinadaran jiki, sannan rassan famasi kansu.

Akwai reshen sarrafa magani, inda ake koyon yadda gari ke zama ƙwaya. Sinadarin da ke warkarwa sau da yawa ɗan mitsitsi ne, sai an haɗa shi da abin cikawa, da abin ɗaurewa irin kunun sitaci, da abin da zai sa ƙwayar ta fashe in ta isa ciki, da abin santsi don kada ta manne wa injin. In abin ɗaurewa ya yi yawa, ko injin ya matse ta fiye da kima, ƙwayar za ta yi tauri ta wuce ta cikin mutum ba ta narke ba. In ya yi kaɗan, za ta marmashe a kwali kafin ta iso Kano daga Legas. Shi ya sa ake gwaji: ƙwaya marar rufi ta tarwatse cikin minti 15, kuma in an jujjuya ta a na'ura kada ta zubar da fiye da kashi 1 cikin 100 na nauyinta. A nan ne kuma ake koyon abin da zafi ke yi wa magani. Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, alhali a Afrilu zafin Kano yana haura 40, shagon da ke da rufin kwano ba silin kuwa ya fi haka. Insulin da allurar oksitosin da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da jini suna bukatar sanyin digiri 2 zuwa 8. Oksitosin da ya kwana a zafi kamanninsa ba sa canjawa, ƙarfinsa ne ke raguwa, kuma ungozoma ba za ta sani ba sai jini ya ƙi tsayawa.

Akwai reshen sinadaran magani, inda ake zana siffar ƙwayoyin sinadari ana gane dalilin da ya sa canja ɗan ɓangare ɗaya ke mayar da magani guba, ana kuma auna ko abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki. A 2008 maganin haƙoran jarirai da aka gurɓata da sinadarin dayetilin gilaikol ya kashe yara sama da 80 a Nijeriya. Gwajin kayan haɗi kafin a zuba su a tukunya shi ne abin da ke hana irin wannan, kuma aikin famasis ne. Akwai reshen ƙananan halittu, na ƙwayoyin cuta da tsabtace allurai da ruwan ƙari. Akwai famakoloji, da ɓeraye da zomayen da ake gwada magani a kansu.

Reshen magungunan tsirrai shi ne wanda ɗan Kano ya kamata ya fi kowa jin daɗinsa, don ya taso yana ganin sabara da marke da darbejiya da zogale da tazargade a Kasuwar Kurmi. A nan ake koyon yadda ake tantance ganye a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a tatso sinadarinsa, a gwada ko yana aiki, a kuma gano adadin da zai fara cutar da hanta ko ƙoda. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha yau daga wani tsiro na ƙasar Sin aka samo shi, dangin tazargade, kuma wadda ta jagoranci binciken, Tu Youyou, ta sami lambar Nobel a 2015. Cibiyar binciken magunguna ta Abuja ma ta fitar da maganin Niprisan na masu sikila daga tsirran gida. Itatuwanmu da ba a yi wa irin wannan bincike ba sun fi waɗanda aka yi wa yawa.

Sai reshen kula da majinyaci, wanda ke tattara duk sauran. A nan ɗalibi ke sanin cewa siprofuloksasin da tetrasaikilin ba sa tafiya da nono, don haka mai shan su ya raba tsakaninsu da fura da awa 2 aƙalla. Maganin zazzaɓi na atemita da lumefantirin kuwa akasin haka ne, yana son abinci mai maiƙo: babba yana shan ƙwaya 4 masu miligiram 20 na atemita da 120 na lumefantirin sau biyu a rana har kwana 3, ƙwaya 24 ke nan, kashi na biyu bayan awa 8 da na farko. Mai tarin fuka da ke shan rifampisin, maganin tazarar haihuwa na ƙwaya yana iya daina yi mata aiki. Mai ciwon suga da zai yi azumi yana bukatar a sake masa tsarin lokutan magani kafin watan ya tsaya. Sanin waɗannan rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne iya faɗa wa tsohuwa daga Gezawa da Hausar da za ta gane ta kuma riƙe, abin da babu littafin Turanci da zai koya wa ɗalibi.

A tsangayoyi da yawa makin cin jarrabawa 50 ne, ba 40 ba, a darasin haɗa magani da na dokokin famasi kuwa 60. Wanda ya faɗi darasi kaɗan yana sake rubutawa, wanda ya faɗi da yawa ya maimaita aji, wanda ya sake faɗuwa a mayar da shi wani sashe. Aji 2 da aji 3 su suka fi zubar da mutane, kuma dalilin kusan ɗaya ne: haddar da ta yi aiki a sakandare ba ta ɗaukar wannan lodi, ga rahoton ɗakin gwaji kusan kullum. Lissafi ma yana kayar da waɗanda suka gudo famasi don sun ɗauka babu shi. Ba lissafi mai zurfi ba ne, amma ba ya yafiya. Yaro mai kilo 12 za a ba shi farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, miligiram 180 ke nan. In ruwan maganin mai 120 ne a cikin mililita 5, mililita 7.5 za a ba shi. In kuwa na ɗigawa ne na jarirai mai 100 a kowace mililita, aka ba da 7.5 ɗin nan, yaro ya sha miligiram 750, fiye da ninki 4. Malamin da ya ba ɗalibi sifili don ya kauce da ɗigo ɗaya a lissafi, wannan yaron yake tunawa.

Batun lokaci da kuɗi, a yi lissafi na gaskiya. PharmD shekara 6, horo 1, bautar ƙasa 1: shekara 8 in komai ya tafi daidai. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata 9, na 2022 wata 8. Karatun ba ya barin sarari ga mai son haɗa shi da kasuwa, don daga safe zuwa yamma ana aji ko ɗakin gwaji. Tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, wanda ake fara biya shekara 2 bayan bautar ƙasa. Ga 'yan mata, maganar aure takan taso a tsakiyar karatu. Da yawa sun yi aure sun kuma gama lafiya, amma sai an yi magana a fili da mijin da iyayensa kafin ɗaurin aure, a kan zagayen asibiti da horon da ke da aikin dare.

Ranar da sakamakon ƙarshe ya fito, mutum bai zama famasis ba tukuna. PCN za ta zo ta rantsar da ɗalibai ta ba su rajistar wucin gadi. Da ita ake neman wurin horo na wata 12, intanshif, a ƙarƙashin famasis mai cikakken lasisi, a wurin da majalisa ta amince da shi don wannan aiki. A Kano an fi neman Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin ƙashi na Dala da manyan asibitocin jiha, amma ana yi a wasu manyan famasi na cikin gari da kamfanonin haɗa magani da hukumomi. Guraben da ake biyan albashi ba su kai yawan masu nema ba, don haka wasu kan yi watanni a gida. Shawarata, a nema a wurare da yawa lokaci guda, har da jihohin maƙwabta, kuma kada a yi horon a wurin da ba a tantance ba don kawai yana kusa da gida, domin shekarar ba za ta shiga lissafi ba. A riƙa cike littafin horo ana kai wa mai kula yana sa hannu a kan kari. Tara shi zuwa watan ƙarshe shi ke jawo jinkiri.

Bayan horo sai jarrabawar share fagen rajista, PEP, wadda ake yi sau biyu a shekara. Tana taɓa kula da majinyaci, lissafin magani, dokoki da ɗa'ar aiki. Wanda ya ci, ya samu cikakkiyar rajista, sai bautar ƙasa in bai haura shekara 30 ba lokacin da ya gama digiri. Lasisin kuma duk shekara ake sabunta shi, tare da kwasa-kwasan ƙarin ilimi na dole.

Masu karatu a waje suna da ƙarin mataki. Kano ta tura yara da yawa Indiya da Masar da Sudan da Yuganda, wasu da kuɗin gwamnati wasu na iyaye. Duk wanda ya dawo da digirin famasi daga waje sai ya kai takardunsa an tantance, ya halarci shirin horaswa na makonni da PCN ke shirya wa irinsu, ya ci jarrabawarsa, sannan ya shiga intanshif kamar kowa. A kula da Indiya musamman, don takardu uku suke da su masu kama da juna: D.Pharm difloma ce ta shekara 2, B.Pharm shekara 4, PharmD shekara 6. Dillalan makarantu ba kasafai suke bayyana wannan ba. Mai burin aiki a Amurka wata rana ya sani cewa hukumarsu ba ta karɓar digirin da bai kai shekara 5 ba daga wanda ya gama daga 2003 zuwa yau. Kuma kiredit 5 ɗin nan na sakandare, fita waje ba ta ɗauke su. Yaron da aka fitar don ya kasa samun fizis zai dawo ya tarar da fizis tana jiransa a teburin tantancewa.

Wanda bai samu jami'a ba, ko halin gida bai ba da damar shekara 8 ba, karatun teknishan hanya ce ta mutunci. Ana yinsa a kwalejojin fasahar lafiya cikin shekara 2 zuwa 3, a rubuta jarrabawar PCN ta ƙasa, a karɓi izinin aiki. Asibitocin ƙananan hukumomi da su suke tafiya. A tabbatar dai majalisa ta amince da kwas ɗin a wannan makarantar takamaimai, don makarantun lafiya masu zaman kansu sun yi yawa a Kano kuma ba duka ke da amincewar kowane kwas da suke tallatawa ba. Kada kuma a shiga da zaton diflomar za ta kai mutum aji 2 na famasi, jami'o'i da yawa ba sa karɓarta.

Aiki bayan rajista ya fi tagar asibiti faɗi. Akwai koyarwa da bincike, akwai masana'antu, akwai NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wadda famasis ce, Dora Akunyili, ta jagorance ta daga 2001 zuwa 2008 ta sa duk ƙasar ta san kalmar jabun magani. Akwai hukumar samar da magunguna ta jihar Kano da ƙungiyoyin da ke rarraba alluran riga-kafi. Mai son zama ƙwararre a asibiti yana bin kwalejin ƙwararrun famasis ta Afirka ta Yamma. Kasuwar sari ma tana canjawa: a Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, NAFDAC da PCN sun rufe shagunan magani sama da 1,000 a Sabon Gari da kewaye don a koma cibiyar Dangwauro da ke kan titin Zariya. Duk dillalin da ke son rajista yana bukatar famasis mai kula da harkarsa.

A nan jarrabawa ta ƙarshe take, kuma ba a takarda ake rubuta ta ba. Doka ta ce kowane famasi mai rajista, na sari ko na sayar da ɗai-ɗai, sai da famasis mai kula da shi, kuma mutum ɗaya wuri ɗaya zai riƙe. Sabon famasis da ya gama bautar ƙasa bai samu aiki ba, wani mai kuɗi zai same shi ya ce ya ba da lasisinsa a rataye a bango, a riƙa ba shi wani abu duk shekara, ba sai ya zo ba. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Duk kwalbar kodin da katin tiramadol da aka sayar a shagon da sunansa aka sayar, ko yana Abuja a lokacin. Mun ga abin da kodin ya yi wa matasa da matan aure a garin nan kafin gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai shi da shigo da shi a Mayun 2018. In jami'ai suka zo suka sami magani jabu ko wanda wa'adinsa ya wuce, mai shagon yana iya rufewa ya buɗe wata sana'ar gobe. Famasis shi za a kira gaban kwamitin ladabtarwa na majalisa, wanda ke da ikon dakatar da shi ko cire sunansa daga rajista.

Wanda zai karɓi kula da shago ya sa sharuɗɗansa a rubuce kafin ya miƙa takarda ko ɗaya: yana wurin a lokutan aiki, shi ke amincewa da inda ake sayo kaya kuma kowane kaya da rasit, makullin akwatin magunguna masu sa maye da littafin rubuta su suna hannunsa, akwai firji mai ma'aunin sanyi da hanyar wuta in an ɗauke. Ranar da ya bar aikin kuma, ya rubuta wa ofishin PCN na jiha cewa ya janye, ya ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.